Baami da Biskit ɗin Jeje

Mahaifina, Baba Oyelakin Fadeyi, ya kai shekara saba'in da huɗu bai taɓa tafasa ko ruwan shayi da hannunsa ba. Mu 'ya'yansa Baami muke ce masa. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin awon filaye na gwamnati. Sai ya shiga daji da takalmansa masu nauyi da na'urarsa mai ƙafa uku, ya yi mako uku ba mu gan shi ba. Ran da ya dawo gidanmu na Oke-Ado a Ibadan, ni in durƙusa, ƙanena Folahan ya kwanta rub da ciki, mu gaishe shi. Ba ya cewa mun girma ko mun rame. Abin da zai fara tambaya shi ne takardar sakamakon makaranta.

Ba mugu ba ne. Bai taɓa dukanmu ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Sai dai maganarsa ma kamar awonta yake yi, ba ya ƙara ko taku ɗaya. Ina aji uku a sakandare gyambon ciki ya kama ni, na yi shekara uku ina fama. Maami, mahaifiyarmu, ita ke zama a bakin gadona da kokon masara mai ɗumi da muke kira eko. Shi kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya.

"Ta sha magani?"

"Ta sha," in ji Maami.

"To." Sai ya juya.

Ran aurena da Gbadebo, mata na kuka, makaɗa na kiɗa, Baami ya riƙe hannun angon ya ce masa, "Ba ta tashi da wuri. Ka sani tun yanzu." Nasiharsa ke nan gaba ɗaya.

Da Maami ta rasu, Folahan ya zo daga Kanada, aka yi jana'iza, aka ci aka sha, dangi suka watse. Ana gobe zai koma sai ga shi da ɗan kwikwiyo a kwali, ruwan ƙasa, kunnuwa zoƙai-zoƙai, wai wani abokinsa ya ba shi. Ya ce gidan ya yi shiru da yawa, kuma ɓarayi sun yi yawa a unguwa.

Baami ya leƙa kwalin ya ce, "Kare a waje yake kwana."

Bayan mako guda da na je, na tarar da karen kwance a kan tsohon zanen Maami a ƙofar ɗakinsa. Har suna ya raɗa masa, Jeje, wato a-hankali, don komai a sanyaye yake yi.

Karnukan Ibadan duk abin da aka rage suke ci. Teba da miya, ƙashin kifi, ƙanzon shinkafa, su lashe baki su kwanta a rana. Amma ban da Jeje. In ya ci teba, amai. In ya lashi miya, gudawa. Folahan ya sa aka kawo wani buhun abincin karnuka na kanti mai hoton kare yana dariya, abin ya ƙara lalacewa. Kafin wata biyu haƙarƙarinsa duk sun fito, gashinsa na zuba.

Na ce, "Baami, a mayar wa mai shi. Wannan ba karen gadi ba ne, majinyaci ne."

Washegari ya sa agbadarsa ta zuwa coci, ya naɗe karen a tawul, ya ɗauki tasi shi kaɗai zuwa wurin wata likitar dabbobi a Mokola, wata yarinya mai suna Dakta Ibironke. Ta ce cikin karen ba ya son mai, ba ya son yaji, ba ya son alkama. A ba shi farar shinkafa da dafaffiyar kaza marar fata. Albasa da tafarnuwa kuwa, ko kusa. Baami ya tambaye ta abin da zai riƙa ba shi yana ɗan gurgura tsakanin abinci, don karen yana cinye masa takalma. Ta ce na kanti duk za su tayar masa da ciki, sai dai a yi a gida, ta faɗa masa abubuwan da zai gwada ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan ina tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara. Sana'ata girkin biki ce, ina da mata takwas a ƙarƙashina, kuma ranar muna dafa-duka ta mutum ɗari uku. Na ga sunan Baami, gabana ya faɗi, don ba ya kira sai an yi mutuwa.

"Morenikeji, yaya ake kunna obin ɗin uwarki?"

Wani daɗi ya kama ni. Na ce a raina tsoho ya yi kewar burodin ayabar da Maami ke gasawa, kuma ni ya nema. Na bar wa mataimakiyata wuta, na hau acaɓa har Oke-Ado, har da tsayawa sayen fulawa da sukari a hanya. Na tarar da shi a kicin ya ɗaura zanen Maami a ƙugu, ga dankali mai zaƙi a kwano, ga karen zaune yana kallonsa.

Ya dubi ledar hannuna. "Mene ne wannan?"

"Fulawa da sukari, Baami."

"Jeje ba ya cin su. Nuna min inda ake murɗawa."

Na nuna masa. Na koma wurin aiki da ledata.

Abin da ya biyo baya, da ba a gabana aka yi ba da ban yarda ba. Baami ya zaro wani tsohon littafin awo da ya rage masa, ya ja layuka da rula. Kowane abu sabo sai ya ba karen shi kaɗai kwana uku, ya rubuta abin da ya gani. Da sassafe yana bin sa a bayan gida da tabarau a hanci, yana duba kashinsa, yana rubutawa. Dankali ya zauna. Kabewa ta zauna, har ta tsayar da gudawar. Ƙwai ya zauna. Gyaɗa ba ta zauna ba, aka soke ta da jan biro. Ayaba nunanna ta zauna in ba ta yi yawa ba. Garin shinkafa ne ya ba shi wahala, don masu niƙa a kasuwar Oje da injin da suke niƙa tattasai suke niƙa komai. Sai da ya tsaya a kansu suka wanke injin sau biyu, matan da ke layi suna zaginsa a bayan idonsa. Daga baya ya sayi ɗan ƙaramin inji nasa.

A ƙarshe ya tsaya a kan hanya ɗaya. Ya dafa dankali da kabewa su yi luguf, ya tsane ruwan, ya dame su. Ya fasa ƙwai ɗaya, ya riƙa zuba garin shinkafa a hankali har ƙullin ya daina kama hannu. Babu gishiri, babu sukari, babu mai. Ya murza shi a kan tebur da kwalba, ya ɗora rula ya yanka murabba'i-murabba'i, duk girmansu ɗaya. Ya gasa da ƙaramar wuta, in ya kashe kuma ya bar su a ciki har obin ya huce, don su bushe ƙarau. Na mako guda kawai yake yi, ya zuba a gwangwani ya sa a firji. Jeje ya murmure, gashinsa ya dawo yana sheƙi.

Ni kuwa duk Asabar ina kai wa Baami abinci a kula, kamar yadda na saba tun rasuwar Maami. Amala mai laushi, miyar ewedu, miyar wake, naman akuya da na zaɓa da kaina. Zai wanke hannu ya ci a tsanake, ina zaune ina jira. In ya gama sai ya ce, "Gishirin ya ɗan fi na makon jiya." Ko kuma, "Ya yi." Ran da ya ce ya yi, to ranar na ci sa'a.

Amma da ya juya wajen karen sai wata murya ta fito daga bakinsa wadda ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Jeje, ɗana, zo nan. Yaya cikin yau? Ya lafa ko? Yawwa, yaron kirki. Ci a hankali, babu mai ƙwace maka."

Ya sunkuya, duk da ciwon gwiwarsa, yana shafa masa ciki. Ni ina tsaye da kula a hannu, mace mai shekara arba'in da shida da 'ya'ya uku, ina kallonsu. Har ɗanɗana biskit ɗin yake yi kafin ya ba shi. Ya gutsura, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Amalata bai taɓa lumshe mata ido ba.

Da na faɗa wa Gbadebo a gida, sai da ya ajiye cokali don dariya.

"Maman Tofunmi, tsaya in gane. Da kare kike kishi?"

"Wa ya ce kishi nake?"

"To me ya sa kika san sau nawa ya shafa shi? Ki gwada yin haushi mana ran Asabar, ƙila a ba ki guda biyu."

Kwana biyu ban yi masa magana ba, don gaskiya ya faɗa.

Abokin Baami na wasan ayo, darar Yarabawa, Baba Akinyode, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, shi ma bai bar shi ya huta ba. Duk yamma suna ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana tsokanarsa.

"Oyelakin, matarka ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana roƙonka ka miƙo mata gishiri ka ƙi. Yanzu ga ka da zane a ƙugu kana yi wa kare kuku. Kai, tsufa bai yi maka adalci ba."

"Yi wasanka," in ji Baami. "Kai da ko akuya ba ta taɓa murnar ganinka ba."

Sai labari ya fara yawo. Dakta Ibironke ta ga yadda Jeje ya koma, ta fara turo masa mutane masu karnuka irin nasa. Motoci suka riƙa tsayawa a ƙofar gidanmu, daga Bodija, daga Jericho, mata masu manyan tabarau da karnuka masu gashi kamar auduga. Baami ba ya sayarwa. Sai ya zaunar da mutum a baranda ya yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Me karen ke ci, sau nawa yake fita, wane launi. Sannan ya rubuta masa yadda ake yi da kyakkyawan rubutunsa, ya ba shi guda biyar na gwaji, ya ce in amai ya wuce kwana ɗaya a koma wurin likita, shi ba likita ba ne. Mutumin da in na kai masa ziyara hirarmu ba ta wuce minti biyar, sai ga shi yana awa guda da baƙuwa a kan kashin karenta.

Wata rana a wani biki a Iyaganku, na ciyar da mutum ɗari biyar babu wanda ya ce bai samu ba. Uwar amarya ta kira ni, na zo ina gyara ɗankwali, ina jiran yabo. Ta riƙe hannuna ta juya ga ƙawayenta.

"Kun san ko wace ce wannan? 'Yar Baba mai biskit ɗin karnuka ce! Ashe gado kika yi."

Shekara ashirin ina tsaye a gaban wuta. Na yi murmushi na ce na gode, Ma.

A shekara ta uku yanar ido ta rufe wa Baami ido ɗaya, aka yi masa aiki. Likita ya ce mako uku kada ya sunkuya, kada ya kusanci wuta ko hayaƙi. Na kwaso kayana na dawo Oke-Ado don in yi jinyarsa. Tun a mota, da bandeji a fuska, abin da ya fara cewa shi ne, "Na Jeje saura na kwana biyu."

Ya miƙa min littafin da hannu biyu. Na farko na yi shi yadda aka rubuta. Na ɗanɗana, lami, kamar kwali. Jeje ya shinshina, ya dube ni, ya ɗauka ya kai ƙarƙashin kujerar Baami kafin ya ci. Ko daga hannuna bai yarda ya ci a gabana ba.

Mako na biyu sai na ce a raina, ni fa girki ne sana'ata. Akwai romon kaza da ya rage daga miyar da na yi wa Baami, da albasarsa da kayan ƙamshinsa. Na zuba ludayi biyu a ƙullin, na ƙara bota cokali uku. Ba zan ce na yi niyyar cutar da shi ba, Allah ya sani. Na gaya wa kaina ɗan wannan ba zai yi komai ba, tsoho ne kawai ke da tsanani. Amma can ƙasan zuciyata abin da nake so shi ne karen nan ya bar ƙafar Baami ya biyo ni, Baami kuma ya gani da idonsa ɗaya.

Haka kuwa aka yi. Ƙamshi ya cika gidan. Jeje ya zo kicin yana kaɗa wutsiya, ya ci ɗaya, ya tsaya da ƙafa biyu yana roƙo. Na ba shi shida. Duk inda na sa ƙafa ranar yana bayana. Baami na kiransa daga falo, "Jeje! Jeje!" bai je ba. Rabon da in ji daɗi irin na yammacin nan na manta.

Da gari ya waye na fito na tarar da amai a baranda wuri uku. Jeje na kwance a gefen rijiya, ko kai bai iya ɗagawa ba. Baami na tsaye a kansa da baƙin tabarau, gwangwanin a hannunsa a buɗe. Ya ɗauki guda ɗaya ya kai hanci.

"Me kika sa?"

"Bota kaɗan, Baami. Da romo."

"Romon da albasa a ciki?"

Na gyaɗa kai.

"Shafi na farko, da jan biro. Na ja masa layi biyu." Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta taɓa tashi ba. "Mace da girmanki, a rubuta miki abu ki kasa bi. Kin san yadda cikinsa yake."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ni ma ina da ciki, Baami! Shekara uku cikina na ciwo a gidan nan, a ɗakin can. A wane shafi ka rubuta? Me na ci ya zauna, me na ci bai zauna ba? Faɗa min ɗaya! Ko sau ɗaya ba ka tsallako bakin ƙofar nan ba. Amma kare, kare kana bin sa da littafi!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni. Ina jiran ya ce in kwashe kayana. Ya daɗe yana tsaye, tabarau ya rufe min idonsa, ban san inda yake kallo ba.

"Uwarki na nan a lokacin," ya ce. "Ita ta iya. Ni in na shigo ɗaki sai ku yi tsit, har mai kuka ta haɗiye kukanta. Sai na ga gara in tsaya a waje ku sake." Ya rufe gwangwanin. "Shi wannan ba shi da kowa sai ni. Kuma bai san ni a da ba." Ya dubi Jeje, sannan ya ce, "Nemo mana tasi."

Tun da an hana shi sunkuyawa, ni na ɗauki Jeje. A kan cinyata ya kwanta har Mokola, ya ƙara yin amai a kan zanena a daidai shataletale, direba na ta mita. Dakta Ibironke ta sa masa ƙarin ruwa. Ta tambayi abin da ya ci, na buɗe baki, Baami ya riga ni. "An yi kuskure a kicin," ya ce, bai ƙara ba. Ta ce albasar ba ta yi yawan da za ta yi masa illa ba, man ne ya tayar da cikin. Kwana uku ya miƙe.

Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Na ɗauka zai karɓe littafinsa. Sai ran Alhamis ya sa aka kawo masa kujera bakin ƙofar kicin, ya zauna nesa da wuta, ya ce in ɗora dankali. Yana faɗa da ka, ina yi. Da suka huce ya ɗauki guda ya shafa gefensa da yatsa.

"Ya karkace," ya ce. Amma ya miƙa wa karen, karen kuma ya ci.

Idonsa ya warke, ya karɓe kicin ɗinsa, na koma gidana. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya sauya ba. Yanzu shekararsa saba'in da tara, yana nan yadda yake, muryar nan mai taushi har yau ta Jeje ce shi kaɗai. Abu ɗaya dai na ji. Gbadebo ya ce min ran da ya kai masa maganin hawan jini, Baami ya raka shi har mota, ya tsaya yana kallon taya, ya ce, "Matarka, cikin nan nata yana tashi har yanzu?" Gbadebo ya ce wani lokaci, in ta daɗe ba ta ci ba. Baami ya ce, "To ka riƙa sa ta ci." Na tambayi Gbadebo sau uku yadda ya faɗe shi, da yadda fuskarsa take. Sannan haushi ya kama ni, don ina da waya, kuma ya san lambata.

A watan Nuwamban da ya wuce aka yi bikin godiyar kaka a cocinmu. Kowa ya kawo abin da yake da shi, doya, ayaba, kaji, atamfa. Baami ya kawo babban gwangwani na biskit ɗinsa, ya liƙa masa takarda, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa na karnuka ne, kada yara su ci su ce an cuce su. Ni na ɗauko masa shi daga mota saboda nauyi. Muna shiga harabar wata mata mai ƙaton gwaggwaro ta tare mu, ɗaya daga cikin masu zuwa baranda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi labarin karenta tun daga kai har wutsiya. Sai can ta lura da ni.

"Baba, wannan fa?"

Baami ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, kamar yana neman inda zai ajiye ni.

"Wannan ita ce yayar Jeje," ya ce.

Matar ta tuntsire da dariya, Baba Akinyode da ke bayanmu har da buga sanda a ƙasa. Baami kansa sai da gefen bakinsa ya motsa. Na wuce na kai gwangwanin teburin gaba, na dire shi da ƙarfi tsakanin doya da wani zakara da aka ɗaure.

A hanyar komawa Gbadebo na tuƙi yana ta ƙunshe dariya. Ya ce in kwantar da hankalina, ƙarin girma aka yi min, don a gidan nan babu muƙamin da ya kai kusanci da Jeje. Na ce ya kalli hanya. Baami na kujerar baya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, kafin mu kai Molete barci ya ɗauke shi.